Teku a Bakin Dutsen Niƙa

Ƙauyenmu yana cikin kwarin Dallol, a ƙasar Kurfai, ba nisa da Filinge. A can, in ka haƙa ƙasa kaɗan sai ka tarar da ruwa, amma in ka ɗaga kai ba ka ganin kome sai rairayi da gawo. Nan na tashi, ni da yayata Rabi, a hannun Kaka Hajo, mahaifiyar babanmu. Shi baban ban san shi ba. An ce mini ya rasu a wurin tafiya, ban kuwa ƙara tambaya ba.

Da an kai damman hatsi rumbu, ɗari ya shigo, sai Kaka ta sa mu tara karare a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i. Wutar kara ba ta jimawa, shi ya sa kullum hannun wani yana cikin yi mata ƙari. Kaka tana zaune a kan turmin da aka kwantar, tana ɓarar wake a ƙwarya, yaran maƙwabta sun cika tabarma. Tatsuniyoyinta na ban dariya ne, tana kwaikwayon muryar kura har tari ya sarƙe ta. Amma akwai guda ɗaya wadda in za ta ba da ita sai ta ture ƙwaryar gefe, ta haɗa hannu a gwiwa.

"Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri," in ji ta.

"Ta iso, ta zauna," mu amsa.

A zamanin da, Teku a nan Dallol yake zaune. Wani ƙato ne mai shuɗiyar riga, mai sanyin murya, ba ya gaisuwa sai da murmushi. Maƙwabciyarsa wata mata ce mai ɗa guda. Wata rana Teku ya janye rigarsa, ya buɗe wata baƙar ƙasa mai laima, ya ce wa yaron, "Zo ka ga gonar da na bar maka." Yaron ya shiga yana murna. Sai Teku ya mayar da rigar ya rufe shi, ya tattara ya gudu kudu, ya bar mana rairayi da kanwa.

Matar ta bi shi har ƙafafunta suka fashe. Da ta ga ba ta da ƙarfin kama shi, sai ta kai ƙara wurin Wata. Wata ya ce kashe Teku ya fi ƙarfinsa, amma ya jefa masa igiya a wuya. Tun daga ranar yake jan sa gaba, ya mayar da shi baya, dare da rana, ba barci.

A nan Kaka takan ɗaga murya, ta zama matar kanta. "Kai Wata, wanga shi ne horo? Ya tahi, ya komo, hannu wofi? Yawo ka ba shi! Ni so nike a aza mishi dutsen niƙa, ya yi ta niƙa ma ɗiyan mutane har ranar tashin ƙiyama!"

Wata ya ce, "Igiya tawa ce. Dutse kuwa sai 'yan Adam sun aza." Matar ta zauna a bakin gaɓa tana jira.

"Daga nan fa, Kaka?"

"Daga nan ku tashi ku kwanta."

"Wannan ai ba ta da ƙarshe!" in ji Rabi.

"Ke, uwar tsiwa, an ce miki kowace magana ta samu ƙarshenta?" Sai ta nuna ni da tsinken kara. "Kai, mai idon yawo, na san ƙafarka ba ta zama. In ka ga Teku, kada ka amsa mishi murmushi. Ka dubo mini ko an aza dutsen."

Sai bayan Kaka ta rasu, ina shirin barin gida, Rabi ta gaya mini abin da manya suka ɓoye. An ɗauki babanmu soja a zamanin Faransawa, aka kai shi Konakiri. Wata ranar hutu ya fita bakin teku da abokinsa, wani mutumin garin Damana. Suka tarar ruwa ya ja baya da nisa, ya bar fili baƙi ƙirin kamar fadama. Mu mutanen Kurfai da shekara muke lissafin ruwa. In tabki ya janye bayan damina, ya tafi ke nan sai baɗi. Babanmu manomi ne, ya ga ƙasa mai laima ba mai ita. Ya cire takalma ya shiga, yana damƙar ƙasar yana sunsunawa, yana kiran abokinsa ya zo ya ga wurin da dawa za ta yi. Ya yi nisa sosai. Ruwan bai zo masa ta gaba ba, ta baya ya zagayo, ta wata ƙorama. Bai iya iyo ba. Abokin ne ya kawo labari, ya kuma kawo maganar mutanen can cewa ruwan teku watan sama yake bi. Ba gawa, ba likkafani, ba kabarin da uwa za ta tsaya a kai.

Na yi yawo kamar yadda ta faɗa. Na yi tuƙin manyan motoci, na yi aikin tashar jiragen ruwa, bakina ya kama Zabarmanci da Faransanci da Yarabanci da ɗan Larabci. Na ga teku a Abijan yana dukan gaɓa kamar mahaukaci. Na gan shi a Jidda ya kwanta luf kamar attajiri bayan cin rana. A Marsai ta Faransa ko motsin kirki ba ya yi. Faransawa suna da kalma guda ta wannan zuwa da komawar da teku ke yi, har yaransu sun san ta, mu kuwa ba mu da ita, kuma rashinta ne ya ci babana. Ko'ina na je sai na ga mutane sun shimfiɗa zane a gabansa suna yaba kyansa. Ni ban taɓa sa ko yatsa a cikinsa ba.

Na riga na tsufa lokacin da 'yata Zalika, wadda ke aikin jinya a arewa maso yammacin Faransa, ta kira ni ganin jikoki. Wata rana muna cikin mota za mu haye wata doguwar gada a bakin wani kogi, sai na lura ruwan hagu ya fi na dama tudu.

"Zalika, wane irin ruwa ne wannan mai hawa biyu?"

"Baraji ne, Baba, madatsar ruwa. Da teku suke yin kuran, wato lantarki."

"Tsaya."

"Ba a tsayawa a nan."

"Na ce ki tsaya, ko in buɗe ƙofa."

Ta samu wuri ta ajiye motar, muka dawo da ƙafa. Ta yi mini bayani, ni kuma na karanta sauran a allon da aka kafa. An gina katanga a bakin kogin, inda yake haɗuwa da teku. In teku ya taso sai a bar shi ya shiga ya cika kwarin, a rufe ƙofofi a bayansa. In lokacin komawa ya yi, ba shi da hanya sai ta wasu ramuka a ƙarƙashin katangar, kuma a kowane rami akwai farfela ƙatuwa. Dole ya juya ta kafin ya wuce. Farfela ta juya inji, inji ya ba da wutar lantarki. Wani lokaci har a shigowa sai ya juya ta. Ba man gazuwal, ba gawayi, ba hayaƙi. Farantan hasken rana da ke kan rufin shaguna a Filinge suna hutawa da dare. Injunan wuta masu aiki da iska suna tsayawa in iska ta kwanta. Shi wannan an san sa'ar zuwansa da ta komawarsa tun kafin shekara ta kama, ba ya iya makara, ba ya iya cewa yau ba shi da lafiya.

Na dafa ƙarfen gadar, na ji yana rawa a tafin hannuna. A ƙasa ruwa yana fita yana kumfa, yana gurnani. Sai na ji dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da daɗi, har Turawa suna waiwaye.

"Baba, lafiya?"

"Niƙa, ɗan banza," na ce da ruwan. "Niƙa!"

Da muka koma gida na bi ɗaki ɗaki na kunna kowace fitila. Na kunna abin dumama ɗaki, na ɗora butar shayi, na jona dutsen guga ba tare da ina da abin gogewa ba.

"Baba, wutar nan a haɗe take zuwa daga wurare da yawa. Ba ka san ko tasa ce ba."

"Ko ɗigo guda ne na guminsa a ciki, bar shi ya zuba."

Na san abin da malamai suke faɗa a kan yafiya, kuma na yafe wa mutane da yawa a rayuwata. Amma da na zauna cikin wannan hasken, sai na gane Kaka ba ta taɓa roƙon Teku ya ƙafe ba. Ta san wanda ya mutu ya huta. Ita so take ya rayu, ya yi wa marayu aiki, ya dafa musu abinci, ya haska musu karatu, kuma kada a taɓa ce masa sannu. Abin da ke ci mini rai shi ne wutar ba ta kai Kurfai. Yana niƙa, amma garin ba ya zuwa gidan da ya yi wa ɓarna.

Bara da ɗari na tara jikokin Rabi a ƙauye, na ba su tatsuniyar, na ƙara mata abin da idona ya gani a kan gadar. Na zaci za su yi tafi. Sai wata 'yar ƙarama mai suna Hajo, wadda ta ci sunan Kaka, ta ɗaure fuska.

"To ya mayar wa matar da ɗanta?"

"A'a, bai mayar ba."

Ta jefa kara a wuta, ta ce, "A ƙara mishi dutse."