Ƙarƙashin Mangwaron Kurudu

Ranar da aka sallamo mu daga asibiti, abu biyu aka miƙo mana. Matata aka ba ta jaririya naɗe a tawul, ni kuma aka danƙa min baƙar leda mai ɗan nauyi, an ƙulle bakinta sau biyu. Na tambayi nas ɗin ko magani ne. Ta dube ni ta saman gilashinta.

"Oga, mabiyiya ne, wanda yana fitowa bayan bebi. Naka ne, ka tafi da shi gida."

Haihuwarmu ta fari ke nan, kuma ba wani babba tare da mu. Shi ya sa nas ɗin ta zaunar da mu ta yi mana karatu. Kashin farko baƙi ne mai danƙo kamar kwalta, kada mu firgita. Nono ba zai kawo sosai ba sai an kwana biyu ko uku, kuma ɗan dakashin da ke fitowa shi ne abincin yarinya, kada a matse a zubar. Cibiya a bar ta a bushe, za ta faɗi da kanta. Ina ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Ledar da ke hannuna dai ba wanda ya gaya min yadda ake yi da ita.

A garinmu wannan ba aikin namiji ba ne. Ungozoma ke wankewa ta binne a bayan ɗaki, inda mai jego ke wanka. Muna isa gida na kira mahaifiyata a waya.

"Ka wanke ta, ka naɗe a farin ƙyalle, ka binne kafin rana ta faɗi," in ji Inna. "A ƙasa fa, ka ji ko? Wata tara suna tafiya tare da yarinyar, ba abin jefawa a bola ba ne."

To ina ƙasar? Ɗaki biyu muke haya a unguwar Kurudu da ke Abuja, kuma mai gidan kamar yana gaba da ƙasa. Ya malale tsakar gida da siminti, har lungun bayan banɗaki bai bari ba. Na zagaya sau uku ina buga ƙafa ko zan ji wuri mai taushi. Duk sanda na leƙa ɗaki, matata sai ta ɗago daga fama da yarinyar da ta ƙi kama nono ta ce, "Ka samu wurin?" Kakarta ta taɓa gaya mata cewa macen da aka wulaƙanta mabiyiyarta ba ta ƙara haihuwa lafiya. Ni mai yi wa irin wannan magana dariya ne, amma ranar ban yi ba, don na ga tsoro a idonta.

Bayan katangarmu akwai 'yar gona ta kuɓewa da gyaɗa, da mangwaro guda a gefe. Ta wata tsohuwa ce 'yar Gbagyi, waɗanda gari ya zo ya tarar. Muna gaisawa kullum, kuma da na roƙe ta da an wuce wurin. Kunya ce ta hana ni. A tarbiyyata namiji ko sunan ɗansa na fari ba ya kamawa, balle ya tsaya gaban mace yana zancen mabiyiya. Sai na aro fartanya bayan la'asar, na zagaya ina waige-waige.

Ko sara biyar ban yi ba na ji murya a kaina.

"Kai! Me kana binne a gona na?"

Ban ga laifinta ba. A Abuja in ka ga baƙo yana tono a gonarka, ko dai dutsen shaidar fili yake kafawa ko asiri yake binnewa, kuma ta haka gonakin Gbagyi suka yi ta ƙarewa. Da ƙyar na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Matata ce ta sauka da asuba." Na ɗaga bakin ƙyallen ta gani.

Ta leƙa ta duba. Can ta ja tsaki.

"Shi ne kana ɓoye kamar ɓarawo? Mace ne ko namiji?"

Na ce mace. Ta fizge fartanyar, ta ce wannan ramin nawa ko kaza ma za ta tone shi. Ta ja ni gindin mangwaron ta haƙa da kanta, har hannunta ya nutse zuwa gwiwa. Tana haƙa tana gaya min nan gidansu yake a da, kuma mabiyiyar kowane ɗaya cikin 'ya'yanta biyar tana ƙarƙashin itacen nan. Na saka da bismillah, ita kuma ta yi tata addu'ar da harshenta. Muka mayar da ƙasa, ta ɗora dutse.

Da na gaya wa matata, ajiyar zuciya kawai ta yi, barci ya ɗauke ta.

Sauran duk ya zo yadda nas ta faɗa. A kwana na uku nono ya kawo, kashin ya koma ruwan ɗorawa, cibiya ta faɗi ana gobe suna. Ranar sunan tsohuwar ta shigo da kwanon gyaɗa tana tambaya, "Ina yarinya na?" Inna, wadda ta iso ana jibi suna, ta miƙa mata ita da hannu biyu.

Shekara tara na yi a Abuja ina cewa zaman nema nake yi, gida zan koma. Ko gadon kirki na ƙi saya, don duk abin da na mallaka ina so ya zama mota ɗaya za ta kwashe shi. Da yammar nan na raka tsohuwar har bakin gonarta, na hango dutsen a gindin mangwaro, sai na ji ƙwalla ta cika min ido. Ga abu ɗaya da ba zan taɓa iya ɗorawa a mota ba.