Munduwa Ɗaya a Adudun Iya Tabawa

Kakata Iya Tabawa tana da adudun da ko babanmu bai isa ya taɓa ba. A ciki akwai mazari, da tsohon tandun kwalli, da munduwar tagulla guda ɗaya tilo. A Gubuci ne, shekarun da aka ba mu mulkin kai, 'yan mata duk sun koma awarwaron kanti, amma da an idar da sallar isha sai mu yi rige-rigen zama bakin murhunta, kowa da karan rakensa, saboda munduwar nan.

Sai ta ɗaga ta a hasken wuta. "Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta!"

Wai wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, uwarsu ta raba musu mundayenta, kowa ɗaya. Suka je rafi. Kada ya ce zai haye da su, amma ladansa munduwa. Yayar ta hau bayansa, ta ce sai sun kai za ta biya. Suna tsakiyar ruwa ya buɗe baki.

Nan Iya take tsayawa. Kullum.

"Iya, sai me ya faru?"

"Ke Delu, bakinki kamar na ɗan tsako. Ban sani ba."

"To ƙirƙiro mana!"

"In yi wa uwata ƙarya? Ina ƙarama, tana ba mu ita, barci ya ɗauke ni a nan. Yayata Kande ce ta ji ƙarshen."

Shekarar fara aka ba wani kawu riƙon Kande, ya tashi da ita da tata munduwar a hannu, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Iya kan kama kunnen kowace jika mace: "Duk garin da aka kai ki aure, ki yi wannan tatsuniyar, da ƙarfi, ki tsaya inda na tsaya."

Aka kai ni Janfalan. Ni dama ba a san ni da ƙaramar murya ba. Wata ranar sussukar dawa ina yi wa yaran gida ita, na kai inda kada ya buɗe baki, na yi shiru. Sai wata tsohuwa da ke sheƙa a gefe ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba, "Ƙarasa mana. Ai tokare masa baki ta yi da munduwar."

Na watsar da taɓarya. Ko mayafin kirki ban ɗauka ba na ruga na sa maigidana ya hau keke sai Gubuci.

Washegari aka kawo Iya a kan jaki. Suka tsaya suna kallon juna, ba mai haƙori a cikinsu.

"Tabawa, har yanzu kina barci a tsakiyar magana?"

"Yaya, ina taki munduwar?"

"Na ci tuwo da ita tun shekarar yunwa."

Iya ta zage ta tas, sannan suka rungume juna suna kuka.

Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci, malama ta rubuta mana kalmar cigiya a allo, na fashe da dariya. Tsohuwar da ba ta san bihim ba ta aika cigiya gari-gari a bakin amare, ba ta biya kowa ba. Yanzu adudun yana ƙarƙashin gadona. Surukata ta ce tarkace ne. Na ce ta taɓa ta gani.