Ranar da Na Kai Kawu Tashar Jiragen Ruwa ta Baltimore

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka bar garin Silver Spring inda nake zaune, ni da kawuna da ya zo daga Kano a duba masa ido, da wani abokin aikina likita. Kawu ne ya matsa a kai shi ya ga tashar jiragen ruwa ta Baltimore. Hanya lafiya lau, ko awa ɗaya ba mu yi ba. A gidan mai na saya masa shayi a kofin takarda, ya kurɓa ya ce wannan ruwan zafi ne aka yi wa ƙazafi.

Ba a barin baƙi shiga tashar, sai muka tsaya wani lambu a bakin ruwa. Daga nan muna hango kwantenoni jibge kamar bulo, injina suna sauke su ɗaya bayan ɗaya. Na shiga zuba ilimi: a da tashoshin New York da Rotterdam ne kan gaba, yanzu Shanghai da Singapore sun yi musu fintinkau. Kawu bai kula ni ba, mutane yake nema. Ya ce a zamaninsu a tashar Apapa jirgi guda sai a yi makonni ana sauke shi, jama'a kamar kasuwa, ga masu tuwo ga masu waƙa. Nan kuwa ya ƙirga bai samu mutum goma ba.

Abokina ya tambaye shi aikin da ya yi a can. Na yi caraf na ce ai jami'in tasha ne.

Kawu ya dube ni, sannan ya juya wajen abokina. "A'a, likita, dako na yi. Buhun siminti, shekara ashirin." Ya zame riga ya nuna kafaɗarsa, ta yi kanta ta yi baƙi ƙirin. "Da ita yaron nan ya yi karatu bayan rasuwar ubansa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abokina ya rusuna ya sake gaishe shi da hannu biyu.

Mun ci soyayyen kifi mai ɗan karen tsada, ni dai ban ji ɗanɗanonsa ba. Da muka dawo gida bayan la'asar na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, injina sun riga sun karɓe aikin, abin da ya rage wa 'yan dako labarin ne kawai, kada ni ma in karɓe shi.

Abin da na koyo ke nan. Yanzu duk wanda ya tambayi asalina, ɗan ɗan dako ne ni.