Inda Shanun Kawu Sanda Ke Kwana

Najiba ƙanwata ce, ciki ɗaya. A Ibohaman aka haife ta, shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta. Tun tana ƙarama, in baƙo ya tambayi inda Baba ya tafi, sai ta faɗi gonar, ta faɗi hanyar, har ta nuna da hannu. Inna kan ce bakin ɗiyar nan ba shi da ƙyaure.

Dangin Inna makiyaya ne. Yayanta, Kawu Sanda, shi ke da garke, kuma kowa ya tambaye shi ina shanu, amsarsa ɗaya ce: "Suna daji." Ko liman haka yake ce masa. Ba a faɗin yawansu, ba a faɗin makwancinsu. A da don tsoron baki ne. Yanzu don masu moto ne, wato babur, waɗanda ke zuwa da bindiga su kora garke duka.

Da Najiba ta shiga lise, wato babbar sakandare, a Madawa, wani malaminsu, Mushe Mahmud, ya koya musu rubuta umarnin da ordinatar, wato kwamfuta, ke bi. Abin ya shiga ranta. Ko tana dakan fura sai ka ji tana ƙunƙuni da wasu kalmomin da ba na mutane ba. Bara da kaka aka shirya gasa ta ƴan lise daga Madawa, Buza da Keita: kowane gungu ya ƙirƙiro abin waya, wato manhaja, mai amfanin karkara, ya nuna shi a wurin, a gaban alƙalai.

Gungunsu ya zaɓi rigimar ɓarnar gona. Wayar makiyayi za ta nuna masa gonakin dawa da ba a yanke ba, manomi kuma ya ga garken da ke matsowa. Tun lokacin hutu Najiba ta saka gwajin abin a wayar Kawu. Ta gaya masa zai riƙa ganin gonaki. Ba ta gaya masa shi ma za a gan shi ba. Ta ce mini bai zo mata a rai ba, kuma na yarda.

Na je kallo. An bar ƙofofi a buɗe saboda zafi, mutanen titi sun cika tagogi. Aka haska taswira a bango, ga wani jan ɗigo a gindin tsauni, bakin ƙorama.

"Wanga garken kawuna na," in ji Najiba, fuskarta a sake. "Nan sunka kwana, nan za su sha ruwa da marece."

Aka yi tafi. Ni hannuna bai ɗagu ba. Daga taga wani mutum mai rawani har hanci ya ɗaga waya ya ɗauki hoton bangon.

"Ƴammata, sannu da ƙoƙari. Kowa na iya ganin wanga abu?"

"Kowa, Baba, in dai wayarshi na kama rezo."

"Madalla. Allah shi ƙara basira."

Bai jira gungu na gaba ba. Na ji tashin moto a bayan katanga.

Da aka ba da hutun azahar na ja ta bayan aji.

"Ke, kin san mi kinka yi? Kin faɗa ma duniya inda shanun Kawu ka kwana!"

"Haba Yaya, gwaji na kawai..." Sai ta waiga wajen tagogin. Na ga lokacin da ta tuna mutumin.

Ta kira Kawu, ba rezo, layi bai shiga ba. Ta sake kira. Abokan gungunta suka roƙe ta ta bar ɗigon har alƙalai su gama zagayen ƙarshe, don in babu shi taswirar fanko ce. Faruƙ, shugabansu, ya ce mai rawanin ƙila uban wani ɗalibi ne. Ƙila kuwa haka ne. Najiba ta zauna ta goge ɗigon, ta goge layukan umarnin da ke nemo shi. Alƙalai suka zo, suka ga bango ba garke, suka wuce.

Sai bayan la'asar Kawu ya ɗauka. Ta gaya masa komai, har hoton. Muna jin kukan maruƙa a bayansa.

"Najiba, ɗiyar ƙanwata, tun kina goye mi kike ji ina cewa?"

"Suna daji, Kawu."

"To."

Kafin magariba ya tashi garken. Ya bar ciyawa mai kyau da ruwa kusa, ya yi arewa da shanu masu sabuwar haihuwa. Maraƙi ɗaya bai kai ba. Daga baya mata masu itace suka ce sun ga sawun moto a tsohon makwancin, ya zagaya turaku, ya sake zagayawa, ya bi ƙorama. Har yau ba mu san na wa ba ne.

Wayar kuwa, Kawu ya aiko wa Inna da ita ƙulle cikin tsumma. Najiba tana ajin ƙarshe yanzu, tana nan da ordinatar ɗinta, amma ta rage magana a gaban taga. Da sallar layya ta tambayi Inna inda Kawu ya sauka bana. Inna ta ce ita ma bai gaya mata ba.