Dutsen da Ba Ya Cikin Taswirar Dakta

Dawanau

Ƙarfe biyar da rabi na bar gida, a shekarar da kuɗin mota ya ninka, kwanon gero ya gagari talaka. Mu bakwai aka cusa a ƙaramar mota. Ƙauyenmu za ni, can bayan Kunci. Mutanen gari sun haɗa ƙarfi za su haƙa rijiya, wai Dakta Sabi'u ya zo daga Turai zai nuna wurin. Sabi'un da nake yi wa lissafi a makarantar kimiyya! Yau shi teku yake aunawa, ni ina auna wake a kasuwa. Abin yana cin raina, ba zan ɓoye ba.

Bichi

Bakwai saura kwata aka tsayar da mu a shinge.

"Malam, me ka ɗauko?"

"Ba komai, Yallaɓai."

Na sha koko da ƙosai biyu, na canja mota.

Kunci zuwa gida

Kilomita tara a kan acaɓa. Na tarar da Sabi'u gindin tsamiya, ya baje taswira, dattawa sun kewaye shi.

"A teku," in ji shi, "wurare kaɗan muke samun auna yadda ruwan ɗumi ke gaurayuwa da na sanyi, sai mu cike tsakani da lissafi. Haka na yi da zurfin tsofaffin rijiyoyinku uku." Ya nuna bayan gonar Liman. "Za a sami ruwa a zurfin gaba goma sha biyu, in sha Allah."

Na san wurin. Marigayi Babanmu, mai haƙar rijiya, ya yi wata biyu a nan, dutse ya tare shi a gaba shida. In aka haƙa, gumin mutanen gari ya tafi a banza. Na ja bakina na yi shiru, so nake ya sha kunya. Yayata Talatu ta wuce da jarka a ka, daga rafi mai nisa, na kau da kai.

Sai ya juyo wajena. "Amma awo uku sun yi kaɗan, lissafi ba ya ganin abin da ba a faɗa masa ba. Lawan, Baba bai taɓa gwada nan ba?"

"Dutse ne," na ce, da ƙyar.

Ya rubuta, ya matsar da wurin gabas. Dattawa suka ce, "Kai, Dakta akwai ilimi!"

Komawa

Ya ce in shigo motarsa, na ce ina da uzuri, na biya acaɓa. Na iso Dawanau da Magariba, na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, ya kuma buɗe bakina ban shirya ba.

Bayan wata uku Talatu ta bugo waya, an sami ruwa. Sunanta Rijiyar Dakta.