Shekarar da Malam Ya Kasa Zaɓar Maudu'i

Ni ban yi boko ba, daga firamare aka tsaya da ni, amma akwai shekarar da na haddace tarihin Amurka daga bayan labule, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Muna zaune a unguwar Misfala lokacin, a ɗaki ɗaya da ɗan lungun girki. Malam, mijina, yana karatun tarihi a jami'a, ni kuma ina goyon 'yarmu ta fari da na haifa a nan Makka. Mahaifiyata tana Kano, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, ba ta taɓa ɗaukar jikarta ba. Malam ya yi min alkawari da an ba da dogon hutu za mu je gida. Sharaɗin ɗaya ne, ya ci duk darussansa, don wanda ya faɗi ko guda sai ya zauna ya maimaita a lokacin zafi.

A cikin darussan akwai na farkon kafuwar Amurka. Duktur ɗinsu, wato malamin darasin, ya ce kowa ya zaɓi maudu'i, ya kai masa ya amince, sannan ya yi bincike ya rubuta. Ya sa ranar rufewa. Malam ya dawo da murna ya ce zai yi a kan Turawan farko da suka sauka can suka kama noman taba, littattafai ga su nan birjik a laburare. Na ce Allah ya taimaka, na ci gaba da wanke tsumman yarinya.

Matsalar ita ce Malam ba ya iya ce wa na gaba da shi a'a. Ɗaliban ƙasarmu da suka riga shi zuwa kan biyo ta gidanmu bayan la'asar, in sun fito daga Harami. Da na ji sallama sai in ɗauki yarinya in shige lungun girki, in saki labule. Wurin bai wuce shimfiɗar sallaya ba, ga tukunyar gas, ga zafi, iskar na'ura ba ta isowa. Nan zan dafa shayi, in tura faranti ta ƙarƙashin labule, in zauna a kan bokiti ina jijjiga ta kada ta yi kuka.

Na farko da ya ji maganar taba sai ya ce, "Haba ɗan'uwa, ɗalibin ilimi a garin nan, ka rasa abin rubutawa sai taba? Ka yi a kan mutanen da aka tarar a ƙasar, waɗanda aka ƙwace wa gonaki."

Malam ya ce, "To, in sha Allahu."

Ya mayar da littattafan taba, ya ɗauko wasu. Bai yi nisa ba wani ya zo daga unguwar Utaibiyya ya ce ai wannan kowa ya yi shi, ya koma kan yaƙin da Amurkawa suka yi suka kori Ingila. Malam ya ce to. Har labarin ganyen shayin da suka zubar a teku saboda haraji na ji, ana ba da shi ana kurɓar shayina ana dariya, ni kuma ƙurajen zafi sun feso wa yarinya a wuya da bayan gwiwa.

In sun tafi nakan tambaye shi, "Malam, ka kai wa duktur?"

"Ana kan shawara."

"Shawarar ba ta ƙarewa ne?"

"Ke ba ki san yadda ake sha'anin ilimi ba. In babba ya ba ka shawara ka watsar, da wane ido za ka kalle shi gobe?"

Ban san sha'anin ilimi ba, gaskiya ne. Amma ina kallon yadda yake lafe murya in yana gabansu, da yadda yake ture littafin da ya yi wa alama da fensir da zarar wani ya gyara murya. Na kuma lura babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa tambayar yaushe ake rufewa.

Ana gobe rufewa, Malam ya tsaya a kan yaƙin Ingila, har ya rubuta kanun maganar a takarda ya sa a aljihun riga. Na ɗan samu natsuwa. Sai ga dattijon da ya sama mana ɗakin ya zo daga unguwar Tandabawi. Haifaffen nan ne, kakanninsa suka zo hajji a ƙafa suka zauna, Hausarsa rabi Larabci ce, kowa Baba yake ce masa.

Ya saurari Malam ya ce, "La, la. Yaƙin Turawa da Turawa, ina ruwanka, ya waladi? Ka yi a kan mutanenmu da aka kama aka kai can bauta, masu salla, masu rubutun allo. Halas, shi ke nan, wannan shi ne maudu'i."

Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba, don na tuna allona. Amma na ji Malam ya ja numfashin nan da yake ja kafin ya ce to, sai bakina ya riga ni.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Gobe ake rufewa, kuma ya riga ya zaɓa."

Ban taɓa ɗaga murya daga bayan labulen nan ba. Baba ya yi 'yar dariya ya ce, "Ma sha Allah, ashe duktur ɗin yana cikin kicin." Sauran suka tayar da dariya. Ya ƙara da cewa, "To ɗana, ka bi na uwargida, mu namu tsufa ne."

Malam ya ce, "A'a Baba, naka za a yi."

Da suka watse ya ɗaga labule, fuskarsa a murtuke. "Kin kunyata ni. Yanzu ko ina so ba zan iya kai wancan ba, sai a ce mace ke juya ni."

Na ce, "Su za su zauna maka a aji lokacin zafi? Uwarsu ce ke jira?"

Washegari Malam ya kai na Baba. Duktur ya ce maudu'in yana da kyau, amma littattafansa kusan duk da Turanci suke, Malam kuwa Turancinsa bai kai nan ba, ya je ya nemo wani. Maimakon ya zaro takardar da ke aljihunsa, sai ya ce bari ya dawo ya sanar da Baba tukuna, don kada ya ji a bakin wani. Kafin ya je Tandabawi ya dawo, an rufe.

Ya maimaita darasin a lokacin zafi. Ɗaliban nan kuwa duk suka tafi gida hutu, wasu har suna tambaya ko akwai saƙo.

Ni na kira mahaifiyata na faɗa mata. Na so in ce laifin jami'a ne, bakina ya ƙi. Na ce, "Inna, ba za mu zo ba bana. Malam bai zaɓi abin da zai rubuta a kan Amurka ba."

Ta ce, "Amurka kuma? Ba Makka kuke ba?"

Kafin in fara bayani, ta ce in kara wayar a bakin yarinyar, ko numfashinta ta ji. Na kara, yarinyar ta kama wayar tana tsotsa, ina jin muryar Inna ƙasa-ƙasa tana yi mata wasa.