Ranar da rufin ɗakinmu ya rufto a Kiru

Ina tsugune a ɗaki ina dama kunu, sai na ji azara ta yi ƙara a kaina. Jaririyata na kwance kan tabarma, ko arba'in ba mu yi ba. Na sure ta na fito cikin ruwan sama, ko ɗankwali babu. Ban kai bakin rijiya ba rufin ya rufto, daidai inda take kwance.

A Kiru ne muke haya, tun ba a san wayar hannu ba. Mai gidan, Baba Sale, shi ya hau da kansa ya yi yaɓen damina, wai ba sai an kira magini ba.

Da maginin unguwa ya zo dubawa, ya ce, "Baba, ina indararon ɗakin nan?"

"Na cire na toshe ramin. Ɓata min bango yake."

"To ruwan ta ina zai sauka?"

Ashe kwana uku ruwa na kwance a kanmu kamar tafki.

Masu gidajen haya, ku faɗa min, me ke hana ku kiran wanda ya iya?